Hayaƙi a Arewacin Gagarawa

Ranar Talata ce, a shekara ta biyu ta babban fari. Na tashi da kiran sallar asuba, na yi salla, na ɗauki ƙwarya na shiga garke. Shanu huɗu ne suka rage masu nono. Abin da na tatsa da ƙyar ya rufe gindin ƙwaryar. Na raba shi biyu, rabi na Inna, uwar mijina, rabi na 'yata.

Rugarmu tana arewa da Gagarawa, tafiyar safiya zuwa hantsi a ƙafa. Ƙasar yashi ce, jigawa bayan jigawa, sai gawo da aduwa da sabara. Babu kogi. Rijiya ɗaya muke sha da mutanen ƙauyen Kanyar Tudu. Kakan mijina ne ya sauka a wurin, dagacin lokacin ya yanka masa gona. Muna noman gero, muna kiwo, tare da ƙanen mijina. A gida Fulatanci, a bakin rijiya Hausa. Kusan rabin garkenmu na manoman ƙauyen ne, riƙo suka ba mu. Ranar suna ko rasuwa tabarma ɗaya muke zama.

Fari ya koro mana baƙi daga wajen Damagaram, da shanu masu tafiya suna faɗuwa. Ruwan rijiya ya koma sai an jira ya taru. Ran Litinin da la'asar aka yi faɗa kan wanda zai fara ja. Wani baƙon makiyayi ya soki ɗan ƙauyen, Sale, da wuƙa. Sale bai kai magariba ba. Baƙin suka kora abin da ya rage musu suka yi gaba. Mijina ya je gaisuwa, ya dawo ya ce mu kwantar da hankali, kowa ya san ba mu ba ne.

Da rana ta fito ran Talatar, 'yata ta kora awaki zuwa kwarin da ke yamma da mu don ta kaɗo musu 'ya'yan gawo. Shekarunta bakwai. Ita ce 'yar fari, don haka bisa al'adarmu ban taɓa kiran sunanta ba. Ke nake ce mata. Na ce, "Ke, kada ki wuce hantsi." Ta gyaɗa kai ta tafi.

Da hantsi ina daka, jaririna Umaru yana goye a bayana, karnuka suka fara haushi. Sai kuwwa daga wajen ƙauye. Sai ƙarar adaka, bindigar maharba, sau ɗaya. Shanu suka tsinke igiya. Na ajiye taɓarya na leƙa. Mutane ne cike da hanya, da gora da gatari da mashi. Wasu daga ƙauyukan nesa suke, ban san su ba. Wasu na san su. Na ga wanda nake kai wa matarsa man shanu. Dagaci yana gabansu ya ɗaga hannu biyu yana magana, suka ratse shi suka wuce.

Mijina ya fito da sandarsa kawai. Ya ce, "Ɗauki Inna. Ku bi bayan rumbu. Kada ki waiwaya."

Na kama hannun Inna muka fita. Bukkar farko ta kama wuta kafin mu kai sabara. Na ji adaka ta biyu, ta uku. Wani yana cewa, "Ku tare ta gabas." Na tsaya na fuskanci kwari, na buɗe baki na kira, "Adama." Na sake kira da ƙarfi. Ranar ce na fara faɗin sunanta. Hayaƙi ya riga ya rufe yamma, mutane kuma suna tsakanina da kwarin. Inna ta faɗi. Na ɗaga ta. Na bi inda babu mutane.

Inda babu mutane shi ne ƙauyen, don maza duk sun fito. Gidan Ladi, ƙawata ta bakin rijiya, shi ne na ƙarshe. Ta gan mu ta dangar kara, ta janye mu ciki, ta buɗe rumbunsu wanda ba ƙwayar hatsi a ciki.

"Shiga, Hajjo. Ba shi nono kada ya yi kuka."

Muka zauna a rumbu daga walaha har la'asar. Zafi kamar tanda. Muna jin ana kora shanu ta bayan gida. Muna jin mata suna guɗa a wani gida, a wani kuma ana salati. Ba a yi kiran azahar ba ranar.

Da la'asar mijin Ladi, Malam Idi, ya dawo rigarsa duk toka. Ya durƙusa a bakin rumbu, bai dube ni ba.

"Inna, sai haƙuri. Ɗanki Buba ya riga mu gidan gaskiya. Ni da dagaci muka rufe shi, da ƙanensa."

Inna ta ce, "Yarinyar fa?"

"Na je kwari. Na ga awaki biyu. Ban gan ta ba."

Ya ce kada mu kwana a ƙauyen. Ya ɗora Inna a jakinsa ya raka mu ta cikin gonaki har Gagarawa Tasha, ya juya.

Tasha cike take da mutanen da yunwa ta koro, suna kwance a gefen layin dogo. Na bi su rumfa rumfa ina tambaya. Laraba da hantsi jirgin Nguru ya yi kuka ya tsaya. Na bi tagoginsa ɗaya bayan ɗaya ina leƙe har ya tashi. Wata mai ƙosai ta ce ta ji wasu makiyaya da suka nufi arewa sun tsinci yarinya a daji. Ba ta gan ta da idonta ba.

Wani direba mai ɗaukar ƙiraga ya ɗauke mu zuwa Gumel. Muka zauna a kan fatun shanun da suka mutu, Inna tana amai. Daga Gumel muka yi arewa, Alhamis da sassafe muka isa Maigatari, ranar kasuwa. Na shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, na tambayi dillalai, na tambayi masu raƙuma, da Hausa da Fulatanci. Na je har bakin iyaka. Wani jandarma mai gadin iyaka ya saurare ni har na gama, ya ce yara da yawa sun wuce a makon nan, bai san wacce zai ce mini ba.

Inna ta daina cin abinci. Ta rasu ran Asabar da azahar a rumfar wani mai sayar da kanwa. Mutanen unguwa suka yi mata sutura.

Na koma Gumel na zauna, ina surfe da wanki a gidajen ma'aikata. Duk Alhamis ina Maigatari, har damina biyu. An ce mini akwai wata yarinya a wata ruga wajen Sule Tankarkar, na taka na je. Ba ita ba ce. Da ruwa ya dawo, dagaci ya aiko a ce mini gonarmu tana nan. Ban koma ba. An ce yanzu riɗi ake shukawa inda garkenmu yake.

Mu shida muka wayi gari ranar. Mijina da ƙanensa suna kwance arewa da Gagarawa. Inna tana Maigatari. Umaru ya yi ƙyanda a bazarar da ta biyo, yana maƙabartar Gumel, na san wurin. Adama ce kawai ban san inda zan je in tsaya ba.