Ranar da Anti Sannu Ta Cire Sunan Auta

Masu shagunan magani ne suka liƙa mata Anti Sannu, don ko da zagi ka kira ta, abin da za ka fara ji shi ne "sannu". Ta yi shekaru tana buga wa mutane takardu a wani shago na ƙasan bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da caja, har yatsunta suka daina neman taimakon ido. Ba ta iya rubuta manhaja ba, ba ta kuma taɓa yin ƙaryar ta iya ba. Wanda ya iya shi ne ƙanenta Auta, wanda ta yi rainonsa tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Su biyu ne a gidan haya, ɗaki biyu da ɗan kicin.

Auta ne ya rubuta wata manhaja da ke nuna wa mai shago maganin da ya kusa lalacewa a kan kanta. Kyauta ya sake ta, a buɗe, duk wanda ya iya yana da damar ganin yadda aka haɗa ta har ya gyara. Mutane suka karɓa hannu bibbiyu, kuma kun san halin ɗan Adam da kayan kyauta, ya fi mai saye ɗaga murya. Lambar wayar da aka sa a ƙasan manhajar ta Anti Sannu ce.

Nan ta samu aikin da ba wanda ya ɗauke ta. Mai shago zai kira yana kumfar baki, ta saurara, ta tsince matsalar daga cikin masifar, ta adana a kanta. Ba ta taɓa juye wa Auta duka ba. Sai ya ci abinci ya wanke hannu za ta ce, "Auta, akwai wani ɗan abu." In ya tambaya ko da saura, ta ce wannan kaɗai ne. Ita ke zaɓen abin da zai fara ji, kuma wanda zai iya cutar da mara lafiya shi take sawa a gaba.

Sai ƙafafun Auta suka fara kumbura. Aka je asibiti, aka ce ƙoda ce, aka fara yi masa wankin ƙoda. Likita ya ja ta gefe a baranda ya ce mata jininsa ya hau ƙwarai, in ba a raba shi da damuwa ba, wankin ma ba zai riƙe shi ba. Ta tsorata, irin tsoron da ba ta taɓa yi ba.

Akwai wasu da suka iya aikin suke son taimakawa. Dogo yana aiki a kamfanin sadarwa, Malama kuma tana koyar da kwamfuta. Malama ce ta faɗa mata gaskiya a waya.

"Anti, mu fa ba mu san abin da ya lalace ba, duk yana cikin kanki. Ki buɗe mana shafin matsaloli. Kowa ya rubuta tasa, mu gani, mu raba aikin, Auta ya huta."

Da jin "ya huta" ta yarda. Ta zauna a teburin kicin da hantsi, kwamfutar Auta a gabanta, Malama a kunnenta tana cewa danna nan, rubuta can. Suka tsara tambayoyin da mai ƙorafi zai amsa: me ka danna, me ya fito, me ka so ya fito. Suka yi alamar sabuwar matsala da wadda ake kan gyarawa da wadda aka rufe. A ƙarshe shafin ya nemi sunan wanda za a riƙa ɗora wa duk abin da ya shigo, ya kuma ƙi gaba sai an cike wurin. Ta rubuta Auta. To wa za ta rubuta? Daga nan ta yi kwanaki tana juye abin da ke kanta a shafin, har ta ji wuyanta ya yi sauƙi.

Abin da ba ta sani ba, duk matsalar da ta shigar sai wayar Auta ta yi ƙara. Ya buɗe shafin yana kwance, ya yi ta ja ƙasa, layi bayan layi, kowanne da sunan Auta da ɗan hotonsa a gefe.

"Yaya, duk wannan tun yaushe?"

"Ba naka ba ne kai kaɗai, su Dogo za su ɗiba."

"Sunan wa kike gani a jiki?"

Su Dogo kuwa ba su ɗiba ba. Sai dai ka ga sun rubuta a ƙasa, "Allah ya ƙara sauƙi, in ka samu sarari." Ta kira Dogo ranta a ɓace.

"Kai da ka ce za ka taimaka, me kake jira?"

"Anti, sunansa ne a kai. Ya zan goge sunan mai abu in sa nawa alhali yana..." Ya haɗiye sauran.

Kunya ce wai, da girmamawa. Ni dai ban ga girmamawa a barin mara lafiya da kayan da ƙato lafiyayye ba zai iya ɗauka ba. Su kuma masu shago, da babu mai tace musu harshe, suka sake baki. Wani ya rubuta, "Wai mai wannan abin mutuwa ya yi ne?" Auta ya karanta shi a kan kujerar wanki, hannu ɗaya a ɗaure da roba, ɗayan yana bugawa, kwamfuta a kan cinya. Nas ta yi faɗa ta gaji. Ran da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki, Anti Sannu ce ta ja shi har gado, tana kuka tana kiran maƙwabta.

Yana asibiti ta sake zama a teburin nan. Tunda ita ta buɗe shafin, ikon komai na hannunta. Ta cire sunansa daga kan kowace matsala, ta kuma soke damarsa ta taɓa manhajar. Ta kira Dogo ta ce, "Yanzu babu sunan kowa. Ku ɗauka, ko ku bar ta ta mutu, ba ruwana."

Da aka sallamo shi, bai kai ga cire takalmi ba ya gwada shiga.

"Shafin ya ƙi ni."

"Ni na cire ka."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daina cin abinci tare da ita, gaisuwa ma sai da kai. Jininsa ya sauka, likita har yaba mata ya yi, ta amsa da murmushin da bai kai ciki ba.

Amma shafin a buɗe yake, ko baƙo yana iya karantawa, kuma Auta yana karantawa. Su Dogo suka dage, matsaloli suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata da ta daɗe tana wahalar da shi, ta kwanan wata da ke juyewa a wasu wayoyi, rana ta koma wata. Malama ta gyara ta a wuni guda, masu shago suka cika ƙasan da godiya.

Ran nan tana wanke-wanke ta ji ya ce, "Yaya." Rabonta da jin kalmar a bakinsa har ta manta. Ta shigo da gudu, kumfa a hannunta. Yana zaune a bakin gado, waya a hannu, fuskarsa babu fushi ko kaɗan.

"Ashe duk shekarun nan ni na tare musu hanya."

"Haba Auta, wa ya gina abin? In ka ji sauƙi zan mayar da kai, wallahi zan mayar."

"Kar ki mayar."

Ya kife wayar a ƙasa, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Hutun da ta roƙa masa ke nan, ga shi ta samu, kuma bai yi mata daɗi ba ko ɗaya. Rana tsaka ce, haske ya cika ɗakin. Ya ce ta ja masa labule, ta ja.