Bataliyar Kawu Bulus da Ɗakin da Aka Ce Ya Yi Yawa

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Bulus kuka a unguwar Gorton ta Manchester ya san ba jaje zai samu ba, labarin bataliya zai sha. Ka ce masa motarka ta ƙi tashi saboda sanyi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Haka aka yi musu a Rasha." Su wa? Wata bataliyar tankokin Jamus ce ta yaƙin duniya na biyu, wadda ya haddace tarihinta tun daga kafuwarta har watsewarta. Ni Rahila, 'yar ƙanwarsa, labarin nan ya ishe ni, kuma ba zan ɓoye ba don yau ba ya nan.

Bakanike ne a sojan Najeriya kafin ya zo Manchester ya ƙare a garejin bas. Shi ya sa faɗan bai dame shi ba, lalacewar ce ke burge shi. Ɗaki guda ya ware ya cika da ƙananan tankokin roba da yake haɗawa da gam, kuma babu mai lafiya a cikinsu. Wata sarƙarta ta tsinke, wata ta maƙale a taɓon da ya haɗa da ganyen shayi.

Wata rana faston cocinmu ya leƙa ɗakin, hankalinsa ya tashi.

"Baba, mutanen nan fa ba mutanen kirki ba ne."

"Na sani, Fasto. Mugun aiki suka fita yi. Shi ya sa nake jin daɗin kallon inda giyar tankarsu ta ƙi shiga."

Ranar hutuna ɗaya tilo daga aikin care home, gidan kula da tsofaffi, ya sa na kai shi Aston a Birmingham, gasar masu irin wannan cutar. Kowa ya jera tankarsa tana ƙyalli. Kawu ya ajiye tasa murfin inji a buɗe, ga ɗan sojan roba ya yi tagumi a gefe. Alƙalin gasar ya tambaya cikin ladabi ko a hanya ta karye.

Kawu ya ce, "Tun a Faransa ta karye, ɗana. Ita kaɗai ce mai faɗin gaskiya a teburin nan."

Ba mu ci komai ba. Shi ya yi barcinsa har gida, ni na yi tuƙi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Aka rufe laburaren da yake aro littattafan yaƙi. Bayan nan takarda ta iso: mutum ɗaya, ɗakin kwana biyu, ɗaya ya yi yawa. Ko a rage masa tallafin haya, ko ya koma mai ɗaki ɗaya. Na cike fom har yatsuna suka gaji. Wata mata ta zo daga council, wato ƙaramar hukuma, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce wa ke kwana a ciki.

"Bataliya," in ji Kawu.

Ta rubuta babu kowa.

Da haƙurina ya ƙare na ce, "Kawu, mu kai tankokin nan charity shop a sayar don sadaka mu huta."

"Bar mini, 'yata. Na san yadda ake ja da baya."

Da ƙaura ta zo, ya yi ta jigilar su cikin kwalayen takalmi a bas shi kaɗai. Na gaji a lokacin, ban tambayi inda ya kai su ba. Kullum na je sabon flat ɗin a falo yake tarbata, ƙofar ɗakin kwana a rufe. Haka muka yi shekara biyu.

Ranar da aka kwantar da shi asibiti na je ɗauko masa kaya, na buɗe ƙofar. Ya ɗora katako a kan gadon, bataliyar tana nan jere. Jamus wajen matashi, Rasha a tsakiya, Faransa wajen ƙafa. Bargonsa kuwa na ninke a bayan kujerar falo.

Na koma asibiti raina a ɓace. "Kawu, shekara biyu kana kwana a kujera?"

"Ni ina lanƙwasuwa, Rahila. Su karyewa suke yi." Ya shafa katifar asibitin ya ce, "Amma gadon nan nasu ba laifi."

Na yi dariya a gabansa, na je mota na yi kuka. Har yau ina jin kunyar ƙofar nan da ban taɓa buɗewa ba. Kwana tara ya yi a gadon nan na asibiti.

Ya Ubangiji, bawanka Bulus ya gaji, mu ma mun gaji. Ka ba shi wuri mai faɗi a gidanka, inda zai miƙe ƙafa ya huta, ba wanda zai zo ya ƙidaya masa ɗaki. Amin.