Koren Biron Masinja

Mahaifina ya yi shekara talatin da biyar yana masinja a wani ofishin gwamnati a nan Keffi, kuma abu biyu na sani yana tsoro a duniya: Allah da koren biro. A ofishinsu ƙa'ida ce, ƙananan ma'aikata da shuɗi ko baƙi suke rubutu, koriyar tawada kuwa ta shugaba ce shi kaɗai, oga kwata-kwata. In fayil ya fito da koren rubutu a kansa, Baba ba ya cusa shi a hammata kamar sauran. Hannu biyu yake sawa, ya rungume shi a ƙirji, ko gaisuwa ba ya tsayawa amsawa.

Burinsa ɗaya ne, ya ga ɗansa ya riƙe koren biro. Ni ne ɗan. Na yi digiri, na samu aiki a Abuja, na shekara huɗu ina cusa kaina a mota tun da asuba, in maƙale a cunkoson Mararaba har in manta inda za ni. A ofis kuwa aikina kwafe takarda a inji. Ko shuɗin biron ma ba wanda ya taɓa cewa in sa hannu da shi. Wata rana na ce na gaji, na ajiye musu kayansu.

Sana'ar da na kama a waya na fara ganinta. Wani mutum ne ke yanka robar nan mai kauri mai ƙyalli, akirilik, gutsi-gutsi, ya jera launi bayan launi, ya saka siririn ƙarfe a tsakaninsu, ya manne da gam. In ta bushe ya huda tsakiya, ya zura bututu, ya ɗora a injin juyi, ya yi ta fiƙewa har biro ya fito. Na kalla ya fi sau ashirin. A bayan layinmu a unguwar Yara akwai wani kafinta ɗan Agwada, dattijo, mai injin da yake juya ƙafar gado da ta kujera. Na kai masa wayar. Ya kalla, ya dube ni, ya ce, "Kai, da digirinka?" Amma ya ba ni gefen shago. Robar ina tsinto ta wajen masu yin allon talla, ƙarfen kuwa gwangwanin lemo nake yankawa. Kayan cikin biron ne kawai nake odar su ta waya. Cikin shekara guda malaman jami'a da angwaye suka fara nemana.

Baba bai taɓa taka shagon ba. In aka tambaye shi me ɗansa ke yi yanzu, sai ya ce, "Yana nan." Wata rana muna cin tuwo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na roƙi Allah ɗa mai riƙe biro, sai ya ba ni mai fiƙe wa wasu." Na yi dariya a gabansa, amma wallahi maganar ta ci ni. Ban damu da abin da duk Keffi za ta ce ba. So nake tsohon nan ya dubi abin da hannuna ya yi, sau ɗaya tak, ya ce aiki ne.

Daga nan ne shawarar banza ta zo mini, kuma a lokacin gani nake ba a taɓa yin mai hikima irina ba. Baba yana da rigar kakinsa ta aiki a ƙasan akwati, da maɓallan tagulla guda biyar da ya yi rayuwarsa yana gogewa. Na ce zan ciri ɗaya, in daka shi ya baje, in saka a tsakiyar biro maimakon gwangwani. Biron kuma koriyar tawada zan sa masa. Na gaya wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Ba ruwana, ban ji ba, ban gani ba." Ta miƙo mini mabuɗin akwatin da almakashi.

Maɓalli na farko ko kwana bai yi ba. Na daka shi, na manna da sufa-gulu tsakanin koriyar roba da baƙa, ban jira ba, na kafa masa injin huda kamar ana korata. Ƙarfen ya yi zafi, gam ya saki, bakin injin ya cafke tagullar ya murɗe ta ta koma kamar taliya. Kafinta ya leƙo ya ce, "Wannan ba gwangwani ba ne fa." Na ce na sani. Ashe ban san abin da yake nufi ba.

Na koma akwati na ciro na biyu. Wannan ya hudu lafiya, har na fara yi wa kaina kirari. Na ɗora a injin juyi, na kawo cizal ɗin da nake fiƙewa da ita, ashe bakinta ya dakushe. Tana taɓa tagullar sai ji na yi tas! Roba ta tarwatse, guntu ya faɗa kofin shayin kafinta, maɓallin kuwa ya yi tsalle ya bi ta ƙofa ya faɗa kwata. Na tattare wando na shiga kwatar nan ina lalube da hannu, mata masu zuwa kasuwa suna tsayawa suna tambaya ko lafiya. Ban same shi ba har yau.

Kafinta ya tsamo robar daga shayinsa, ya shanye abinsa, sannan ya zaunar da ni. Ya ce matsalata ba a hannu take ba, gaggawa ce. Ya ce in kankare fuskar ƙarfen da samfefa sai ta yi kaushi, don gam ya samu abin kamawa. In bar sufa-gulu, in sayo gam mai haɗi biyu, in matse abin in manta da shi kwana biyu. Wajen huda kuma in shiga kaɗan in fito, in bari ya huce, in sake shiga. Na ce to ai wannan sai a shekara ana biro ɗaya. Ya ce, "Maɓalli nawa suka rage?" Na ce uku. Ya ce, "To ci gaba da sauri."

Na uku na bi shi kamar mai jinya. Kwana biyu ina zagaya shi ban taɓa ba. Hudar da nake yi a minti biyu ta ci mini rabin yini. Na wasa cizal har tana aske gashin hannuna, na riƙa shafar robar a hankali tana zubo siraran zare. Sai ga tagullar ta fito, zobe siriri a tsakanin kore da baƙi. Na bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, na goge da man goge mota. Na ɗaga shi a rana na daɗe ina kallo. Shekara talatin da biyar na gugar Baba sun koma layi ɗaya da bai kai kaurin tsinken ashana ba, amma ban taɓa yin abu mai kyansa ba.

Abin da na manta shi ne, Baba kan fito da kakin nan lokaci-lokaci ya shanya. Ina shiga gida ran nan na tarar da shi a tsakar gida, rigar a hannu, Inna na tsaye tana cewa, "Ƙila ɓera ne, Malam."

Baba ya ce, "Ɓera mai almakashi?"

Na zaro biron na durƙusa na miƙa masa. Na yi bayani, har da ƙarin gishiri. Ya jujjuya shi, ya kai ƙumbarsa kan zoben tagullar. Ya ce, "Ina tambarin da ke jiki?" Na ce inji ya cinye. Ya ce, "Sauran biyun fa?" Na ce su ma. Sai ya murɗa biron ya ja layi a tafin hannunsa. Da ya ga kore, ya yi saurin goge hannun a jikin riga kamar wani zai kama shi.

"Kai ba ka da hankali ne? Ni wa? Ni da koren biro?"

Ya haɗa biron da rigar ya mayar akwati, ya kulle, ya sa mabuɗin a aljihu. Sati uku in na gaishe shi "lafiya" kawai nake samu. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina fiye da haka. Na ɓata masa abu ɗaya da ya rage masa na aikinsa, don kawai ina son yabo.

Sai aka kira 'yan fansho tantancewa, wato kowane tsoho ya je da ƙafarsa ya nuna wa gwamnati bai mutu ba. Ni na ɗauke shi a babur. Muka tarar da tsofaffi jere a benci, kowa da ambulan ɗinsa. Da layi ya zo kan Baba, ma'aikacin da ke teburin ya tura masa fom ya ce ya sa hannu a ƙasa, ya miƙo biron da aka ɗaure da zare. Baba bai karɓa ba. Ya sa hannu a aljihun gaba, sai ga nawa. Ni ban ma san ya fito da shi ba.

Ya gyara zama, ya gyara fom, ya karkata kai daidai yadda ya sha kwatanta mana ogansu yana yi. Ya sa hannu a hankali, har da jan dogon layi a ƙasa da ɗigo biyu.

Ma'aikacin ya zaro ido. "Haba Baba! Kore? Ai wannan na oga ne kaɗai. Kun ɓata fom."

Baba ya ce, "Na sani, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake dakonsa. Yau dai na ce bari in ji yadda yake a hannu."

Tsofaffin benci suka kwashe da dariya, wani har da tafi, wani ya ce a ba shi shi ma ya taɓa. Biron ya zagaya benci hannu zuwa hannu, ni kuwa ina bin sa da ido kar wani ya yar. Wani tsohon direba ya tambaya a ina aka sayo. Baba ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Ga mai yin su nan."

Aka kawo sabon fom, ya sa hannu da biron zare kamar kowa. Wanda ya ɓata kuwa ya ce a ba shi. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

Muka kamo hanyar gida, muka wuce kasuwa. Muna shiga layinmu ya taɓa kafaɗata, na rage gudu.

Ya ce, "Saura biyu a rigar."

Na ce, "Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Riga mai maɓalli biyu me za ta yi wa wani? Ka cire su. Ɗaya na uwarka, tunda ita ce ɓeran. Ɗaya naka." Sannan ya ƙara, "Ranar da za ka huda, ka gaya mini. Zan zo in zauna, don na san ka da gaggawa."