Kabon da Na Kama, Uwargida Ta Saki

Ina da shekara arba'in da 'yan kai, tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, sai ciwon digiri na uku ya kama ni. Lokacin Abuja na tashen gine-gine, kowa da kwangilarsa, kuma a ma'aikatarmu har wanda ba ya iya haɗa jimla biyu ana kiran sa Dakta. Ni kuwa injiniya ne da rabona da riƙe sufana tun ina bautar ƙasa. Aikina sa hannu a fayil da gyara zaman hula.

Wata jami'a ta yi shelar gurbi ɗaya tak a kan kamun kabon, wato hana hayaƙin da ke ɗumama duniya tashi sama. Na je wurin farfesan da ke kula da gurbin, wani Bakatsine siriri mai rowar magana. Ya ce masu nema duk matasa ne, amma duk wanda ya kawo samfurin da ya yi da hannunsa cikin wata guda zai duba shi. A gasa dusar katako a rufaffiyar ganga har ta zama gawayi, a binne a gona. Kabon da itace ya sha ya kwanta a ƙasa ke nan, ba zai koma sama ba.

Na nufi Dei-Dei wurin 'yan katako da shaddata mai sitaci. Da na nemi dusa, suka ɗauka kiwon kaji zan yi. Da na ce ƙonawa zan yi sannan in binne, wani dattijo Bakano ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce Allah ya ba oga lafiya, ya ƙara mini buhu guda kyauta.

Mako uku ina fama a bayan gida. Gangar farko ta zama toka. Ta biyu ta tafi da girata ta hagu, na yi kwana goma ina gaisawa da mutane ta gefe ɗaya. A ta uku na sami gawayi baƙi wuluk, na kwaɓa shi da kokon rogo, na dunƙula kamar fura don kada ya watse, na shanya a faifai. Uwargida ta tambaye ni sau biyu mene ne wannan, na ce bincike ne, ba za ta gane ba. Ita da ke koyar da kimiyya a sakandare.

Ana gobe zan kai samfurin, 'yan uwanta suka zo daga Zariya. Na dawo daga ofis na tarar da gida ya gauraye da ƙamshin turaren wuta, har na yaba. Sai na leƙa faifai, wayam. Ashe gawayin uwargida ne ya ƙare, ga baƙi, ga na bincike a ajiye.

"Ai gawayi ne, Alhaji," in ji ta. "Gawayi kuwa ƙona shi ake yi. Wa ya taɓa binne shi in ba mai tsafi ba?"

Kabon da na yi mako uku ina kamawa ya koma sama da yamma ɗaya, da ƙamshinsa.

Sai da na je har gaban mai gawayi da niyyar in saya in daka in dunƙula. Na tuna idon farfesa, na juyo. Washegari na kai masa toka a leda, na faɗi gaskiya kamar ɗan firamaren da akuya ta cinye wa littafi. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni tsawon lokacin da dunƙule ɗaya ya yi yana ci, ko ya yi hayaƙi, ko yana tartsatsi. Ko ɗaya ban sani ba. Ya ce in kira wadda ta sani.

Na miƙa masa wayar. Ina zaune ina jin muryarta tana zuba: ba hayaƙi, ba tartsatsi, dunƙule biyu sun turara ɗaki uku har sun tafasa shayi; aibinsa kawai yana rugurgujewa in an fifita, kokon ya yi kaɗan. Ya cika shafi guda da rabi yana rubutu, mutumin da bai rubuta komai ba da nake magana.

Da ya ajiye wayar ya ce gurbin kamun kabon na wata matashiya ne wadda samfurinta ya iso da ransa. Amma yana neman wanda zai yi bincike a kan gawayin girki daga dusar katako, ko a rage saran itatuwa. Zai ɗauke ni, bisa sharaɗi ɗaya.

"Kai ka gasa, Injiniya, Hajiya ta auna. Kada ka kawo mini sakamakon da ba ta gani ba."

Na ce ranka ya daɗe, na amince, tun kafin ya canza shawara ya ɗauke ta ita kaɗai.