Rijiyar Silima

Manu mahaƙin rijiya ne, mutumin Yekuwa, kuma ƙanen kakana ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga jin kai, amma ya cancanta. Rijiya ashirin da uku ya haƙa tsakanin Magariya da Dogo-Dogo, ko ɗaya ba ta fito busasshiya ba. Zai zagaya fili, ya dubi itatuwa, ya murza ƙasa a hannu, sannan ya kafa dagi. Inda ya kafa, nan mutane suke zuwa su yi gida, ba sa tambaya.

Wajen shekarar 1955 kumandan, baturen da ke mulkin yankinmu, ya turo wani Nasara mai ɗaukar silima, da mai fassara. Nasaran yana son Manu ya fito a matsayin Manu, yana haƙa rijiya. Shi ya zaɓi wurin da kansa: wani tudu gabas da gari, wai can haske ya fi kyau.

Manu ya ce, "Gaya masa ko kare ba ya tono a nan."

Mai fassara ya ce, "Baba, wasa ne. Iya ƙugu za ka haƙa, a zuba ruwan tulu, ka fito da laka."

Manu dai yana son a gan shi, wannan ba zan ɓoye masa ba. Ya sa sabon wando ya shiga rami, ya ɗago laka yana murmushi. Sau huɗu aka maimaita, Nasara ya tattara kayansa ya tafi.

Bayan kwana goma Manu ya bi ta tudun, sai ya tarar da bukkoki biyar. Mutanen wata ruga ce da rijiyarsu ta rufta, sun ji labarin Manu ya kafa dagi a nan, suka kwaso har da rumbuna. Ya sami babbarsu, wata tsohuwa Turai, tana ɗaure akuya.

"Inna, wannan ramin na wasa ne. Babu ruwa a nan."

"Kai ne Manu?"

"Ni ne."

"Kai ka haƙa?"

"Ni na haƙa."

"To, ƙarasa aikinka, ɗana. Mun riga mun rushe can."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Washegari ya dawo da tsohon wandonsa, da igiya, da mutum biyu masu jan ƙasa. Rani guda ya yi a ramin nan. Yashi ya rufto masa sau biyu, ƙirjinsa ya kama tari. Da zurfin ramin ya kai gaba goma sha tara ƙasa ta yi sanyi, a gaba ashirin da ɗaya ruwa ya ɓullo.

Garin da ya tashi a tudun yana nan, ana ce da rijiyar Silima. Hoton kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa a wajenmu. Mutane suka yi ta yabonsa, wai tun farko ya san da ruwa, ya ɓoye wa Nasara ne. Bai musa ba. Kakana kaɗai ya gaya wa gaskiya, yana tari:

"Yaya, wannan ban sani ba. Kullum na sauka, da tsoro nake sauka."

Bai sake shiga rijiya ba har ya rasu.