Bencin Taubashina

Shekarar da sojoji suka yi alkawarin komawa bariki, mutanen unguwarmu a Damba suka naɗa ni mai shirya taron jam'iyyarmu. Babu albashi. In rubuta sanarwa da ajami in kai wa dattawa, in share fili, in nemo abin zama.

Abin zaman ne wahala. Duk layinmu babu mai bencuna masu ƙwari sai taubashina, ɗan gwaggona, mai shayi a bakin titi. Shi kuwa ɗan jam'iyyar adawa ne. Na je aro, ya dube ni sama da ƙasa.

"Jam'iyyar da ba ta da wurin zama, ita za ta riƙe gari? Ɗauki, Malam, zumunci ya cece ka."

Ranar taro muka yi baƙo daga Tsafe, wani Alhaji da Allah ya hore wa jiki. Yana zama, benci ya rabe biyu. Alhamdu lillahi bai ji ciwo ba, shi ya fara dariya ma.

Daga nan na rasa sakat. Kullum muka fito sallar asuba sai taubashi ya ɗaga murya: "Malam, ina bencin da kunka kashe? Tun ba ku hau ba kun fara ɓarna!" Na yi masa alkawarin sabo, na kai aiki wurin kafinta, kafinta ya yi ta ja.

Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, su taubashi suka ci mazaɓarmu. Ranar da za su yi walima, ranar kafinta ya gama. Shugabanmu na unguwa ya ce in dakata da kai bencin, in aka gan ni can za a ce na sauya sheƙa, kuma za su karɓe muƙamin. Na auna. Na san taubashi na da baƙi, wurin zamansa bai cika ba, dalilina.

Na yi bismillah, na aza benci a ka, na ratsa taronsu. Masu kalangu suka biyo ni, jama'a na ihu, "Ya dawo hanya!"

Na sauke a gaban taubashi. Ya hau ya zauna, ya jijjiga, ya ce, "Ku bar shi, wannan bai da wayon sauya jam'iyya. Bashi ya kawo."

Ya sa aka haɗa mini shayi mai kauri. Muƙamin nawa kuwa, da aka nemi mai so, ba a samu ba.