Kwalbar da na liƙe da hannuna

Ni haifaffen Ƙofar Kibo ne a cikin birnin Zariya. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, yayana Sabi'u ne ya riƙe ni da mahaifiyarmu Inna. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai guga da turare, wanda in ya sa baki a rigimar unguwa nan take take mutuwa. Da na gama sakandare na kasa gaba, shi ya kama mini ɗan shago a bakin titi, ya sa firji, ya cika shi da lemun kwalba, ya ce in nemi halal ɗina. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Ku dai samari ku ji abin da na yi da wannan amana.

Na iya sana'ar, ba yabon kai ba. Mutanen gari su zo su ce a ba su lemo, ko da baƙi ƙirin ne wanda bai taɓa haɗa hanya da itacen lemo ba. Ɗalibai 'yan kudu su ce minaral. 'Yan bokonmu su ɗaga hanci su ce dirinks. Tsofaffin ƙauye masu shigowa cin kasuwa kuwa ba ruwansu, sai su ce, "Ɗan nan, ba ni mai sanyin nan mai sa gyatsa." Ni ina ta dariya a raina, sunaye barkatai, ruwa ɗaya. A nan na fara lura cewa mutane suna suke saye. Sai na soma sayo wani lemo mai arha da ake haɗawa a bayan gari, in ɗura a kwalaben da aka sani, in mayar da marfi. Na kai gidajen suna da na biki, aka sha aka sa mini albarka. Ko mutum ɗaya bai yi ƙorafi ba, wannan shirun kuwa shi ya lalata ni.

Akwai wani Ɗanlami mai yawon sayen kwalaben da aka shanye. Wata rana ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa, ya jujjuya marfin, ya yi murmushi.

"Hannunka na da kyau," in ji shi, "amma kana ɓata shi a kan ruwan sukari."

Ya kai ni wani gida a bayan Sabon Gari. Ɗaki guda cike da kwalabe dogaye masu rubutun zinare, waɗanda ya tsinto daga otal-otal. Ya ce na bodka ne, wata giyar Turawa fara tas kamar ruwan famfo. Aikina in wanke, in ɗura mai arha daga jarka, in liƙe marfi da leda yadda ba mai cewa an taɓa buɗewa. Na tambaye shi ko masu sha ba za su gane ba, tunda an ce mai tsada ta fi daɗi.

"Wa ya gaya maka? Ido ke sha, ba harshe ba. Zauna ka ga ikon Allah."

A gabana ya gwada wani kwastomansa mai ƙaton tumbi. Daga jarka ɗaya ya zuba, rabi a kwalbar zinare, rabi a gorar roba. Mutumin ya kurɓi ta farko ya lumshe ido ya ce, "Ka ji orijinal, ko kartar maƙogwaro ba ta yi." Ya ɗanɗana ta biyu ya tofar, ya ce wannan ta 'yan tasha ce. Na yi dariya har da hawaye. Yau in na tuna dariyar nan sai in ji na tsani kaina.

Ɗanlami ya ce manyan masu sayenta a ɓoye 'yan cikin ganuwa ne, don ba ta da launi, warinta kaɗan ne, mutum zai juye ta a gorar ruwa ya wuce ta gaban surukinsa. Ban damu ba. Ni dai ban taɓa kai ta bakina ba, har alfahari nake da haka. Na gaya wa kaina zunubin na mai sha ne, ni kwalba kawai nake rufewa. Na sayi babur, na ɗinka shadda, Inna tana ta gode wa Allah wai lemo ya karɓe ni.

Da kaya suka yi tsada, sai Ɗanlami ya kawo wata durom daga wajen masu sayar da kayan fenti, ya ce duk sifirit ne, a sirka da ruwa. Warinta ya ɗan bambanta. Na ji, na kau da kai, na ɗura, na liƙe. Ba a jima ba ya zo shagona a firgice.

"An samu matsala, mutane na kwance. Wanda aka kai asibiti da wuri aka faɗi abin da ya sha, ana ceto shi. Wanda aka yi jinkiri, ido ke fara tafiya. Ka kama bakinka, ka ji ko?"

Washegari Yaya Sabi'u ya tashi da amai da ciwon kai. Zuwa hantsi ya ce yana ganin komai fari-fari, kamar an yafa masa ƙyalle a fuska. Inna ta aike ni in ɗauko masa tabarau a motarsa. A ƙarƙashin kujera na ga baƙar leda, a ciki kwalbar zinare, an sha fiye da rabi. Ragowar ledar marfin ta karkata hagu, yadda babban yatsana ke dannawa. Aikina ne, ko a mafarki na san shi. Ban taɓa zaton Yaya yana sha ba.

Da na koma ciki, gida ya riga ya yanke hukunci. An yi masa ƙarin girma a ofis kwanan nan, don haka jifa ne na mahassada. Aka kira malami, aka fara tofi da hayaƙi. Yaya ba zai buɗe baki a gaban Inna da matarsa ya ce giya ya sha ba, ya gwammace ya mutu. Ni kuwa na san ciwon, na san maganin, na san kowace sa'a idonsa ake ci. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da asibiti. Na ce wa zuciyata asirin Yaya nake rufawa. Ƙarya ne, nawa nake rufawa. Ni ne ma na riƙe kaskon hayaƙin, ina fifita garwashi, Yaya yana kiran sunana yana cewa in matso ba ya ganina sosai.

Sai washegari, da numfashinsa ya fara sarƙewa, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya dube mu ya ce, "Me ya sha?" Na kau da kai. Suka ceto ransa da ƙyar, idon kuwa ya tafi. Likitan ya ce da an zo jiya da gaskiya, da wataƙila an tsira da ganinsa.

Wasu da suka sha ba su tashi ba. Aka kama Ɗanlami, bai ko sha mari ba ya ambaci sunana. A kotu Inna ta ji komai lokaci ɗaya, cewa babban ɗanta na sha, ƙaramin kuma shi ya ɗura masa. Aka yanke mini shekaru. Ina gidan yari ta rasu, ban ga gawarta ba. Na yi kuka, na yi tuba, na roƙi Allah har muryata ta dushe, kuma har yau ban daina ba.

Da aka sake ni na tarar da Yaya zaune a zaure, ya rame, aikin ya tafi, masu kawo masa ƙara sun ɗauke ƙafa. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Kwalbar ba ta dame ni ba," in ji shi, "ni na kai kaina na saya. Abu ɗaya nake so in ji. Ranar da kake fifita mini hayaƙi, ka sani?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To."

Samari, ku ji ni da kyau. Kada ku raina ƙaramar ha'inci don ba wanda ya yi ƙorafi, kada ku ce laifin na mai saye ne. Abin da ka liƙe ka tura kasuwa ba ka san ƙofar da zai shiga ba. In kuma ɓarna ta riga ta auku, ku faɗa da wuri, ko da za a tsine muku, don kunya ana warkewa daga ita. Ni na tsaya auna tawa kunyar har ido biyu suka mutu a gabana.

Yanzu gida ɗaya muke kwana. Duk lokacin da aka kira salla nakan tsaya a bakin zaure in miƙa masa hannu in ce, "Yaya, ga ni." Ba ya zagina, ba ya ɗaga murya. Sai ya ratse ni, ya lalubi bango, ya tafi shi kaɗai.